Maraɗi, Tsakanin Rairayi da Kwalta

Matafiyin da ya taso daga Yamai da asuba cikin babbar motar fasinja, ya fuskanci gabas bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda aka raɗa wa suna Hanyar Haɗin Kai, ba ya ganin Maraɗi sai rana ta karkata. Tafiya ce ta wajen kilomita 660 bisa kwalta guda tilo, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa. Ta ratsa Doso, ta ratsa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta ɓalle arewa, sa'an nan Galmi mai albasa, da Madawa, da Gidan Rumji. Galibin garuruwan nan hanyar ba ta kewaye su ba, ta cikinsu ta bi. Ko kuwa, in gaskiya ake so, su ne suka taso suka rungume ta, domin inda mota ke tsayawa nan ciniki yake. Saboda haka direba yakan fito daga daji inda ba kowa sai geza da sabara, allurar gudunsa na bisa 100, ya tsinci kansa a tsakiyar masu tsire da ƴan mata masu tallar ƙwai da buhunan albasa da aka jera har bakin kwalta.

Akwai wani abu da doguwar tafiya ke yi wa ƙafar direba, wanda kowane mai tuƙi ya san shi ko da bai taɓa ba shi suna ba. In mutum ya yi awa 8 yana gudun 100, to, da ya sauko zuwa 70 sai ya ji kamar rarrafe yake yi. Ido da kunne sun riga sun saba, su ne ke yi masa ƙarya, shi kuwa sai ya rantse maka ya rage gudu. Da irin wannan ƙafa ake wuce Tsibiri, garin Sarkin Gobir, da ita kuma ake shigowa Maraɗi. Allon da ke ɗauke da sunan gari, wanda aka koya mana a makarantar tuƙi cewa daga gare shi dokar cikin gari ta fara aiki, sai a wuce shi kamar an wuce kututturen gawo.

Kafin a yi maganar gudu a Maraɗi, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi titunan garin suka miƙe haka. Tsohuwar Maraɗi a fadama take, bakin Gulbi. Can ne Katsinawan da jihadi ya fitar daga Birnin Katsina a 1807 suka tsayar da sarautarsu a hannun Ɗan Kasawa, wajen 1819. Gari ne irin na kakanni, mai lunguna da kwana-kwana, wanda aka yi domin ƙafar mutum da kofaton doki. A daminar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci garin, Turawan mulki suka hau da jama'a bisa tudu, suka auna sabon gari da igiya da ma'auni. Suka ja layuka daga arewa zuwa kudu, suka gitta wasu daga gabas zuwa yamma, kamar gidajen dara. Unguwannin da suka hau tudu, irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci, da sunayensu suka hau, amma lungunansu sun tsaya a fadama. Waɗanda aka yanka daga baya, Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho, duk wannan tsari suka bi. A lokacin da aka zana waɗannan tituna masu faɗi, motocin garin ba su fi na bariki da na kamfanonin sayen gyaɗa ba. Faɗin na iska ne da tsabta da sauƙin sintiri. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana ɗan shekara 17 zai hau babur ya ga layi miƙe a gabansa har iyakar ganinsa.

In ana so a gane abin da siffar titi ke yi wa mai tuƙi, sai a je unguwar Birni ta Damagaram, kilomita wajen 240 gabas da nan. Can lunguna suna lanƙwasa tsakanin katangun ƙasa da manyan duwatsu, ba ka ganin abin da ke gabanka fiye da taki ashirin. Ba allo, ba ɗan sanda, amma ko mahaukacin direba dole ya bi a hankali, domin bango ba ya kaucewa. A Maraɗi kuwa, shekara da shekaru, abin da ya tsaya a matsayin wannan bango shi ne rairayi. Ban da babbar hanya da ƴan tituna kaɗan, sauran layukan gari yashi ne mai laushi, wanda ke riƙe taya ya sa babur rawa. Mai keke yakan sauka ya tura. Mai mota yakan bi sawun wanda ya riga shi yana addu'a kada ya kafe. Mun yi ta tsine wa wannan rairayi, muna cewa shi ne alamar an manta da mu, ba mu lura ba cewa shi ne ɗan sandan da ba ya barci, ba ya kuma karɓar na goro.

Sai shekarar 2015 ta zo, Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wanda a lokacin ake zagayawa da shi jiha jiha. Aka sa wa shirin suna Maraɗi Kwalliya, kamar yadda aka yi Tawa Sakola a 2017 da Damagaram Sabuwa a 2018. Aka shimfiɗa kwalta, aka faɗaɗa wasu tituna, aka kafa fitilu, aka gyara mararrabu. Ba mai hankalin da zai ce wannan ba ci gaba ba ne. Mai naƙuda da ake kai wa asibiti cikin dare ta san darajar kwalta fiye da kowane ɗan jarida. Abin da nake cewa shi ne, an cire tsohon takunkumi ba a ɗaura sabo ba. Kuma rairayin bai tafi ko'ina ba, aiki ya sake. Iska na kwaso shi ta zuba bisa kwalta, ruwan damina na gangaro da shi daga layukan da ba a taɓa ba, har ya cinye gefen hanya. Mai keke da mai babur da mai tafiya ƙasa sai su matso tsakiya, inda motoci suke. In kuwa taya ta hau siririn yashi bisa kwalta aka taka birki, sulɓi take yi kamar an zuba mata kuɓewa. Yashin da ke hana gudu jiya, shi ne ke hana tsayawa yau.

A je bakin babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da take ci, a tsaya a ƙirga masu haƙƙi bisa titi guda. Ga amalanken shanu ɗauke da gero daga ƙauyukan Madarumfa, yaron da ke korar su bai kai shekara 12 ba. Ga jakai da itace. Ga ɗan garuwa na tura kurarsa, jarka goma cike, wanda in ya ɗauko gangara ko shi kansa ba ya iya tsayar da ita nan take. Ga adaidaita sahu na tsayawa inda duk hannu ya ɗaga, ba sigina, ba waiwaye. Ga almajirai na tsallakawa a guje, a tare, kamar tsuntsaye, na baya ba ya duban kome sai ƙeyar na gaba. Ga makaho da ɗan jagoransa, ga tsohuwa da ƙwarya bisa kai wadda ba ta iya juya wuya ta dubi hagu da dama. Ga tumaki da ba su da makiyayi. Inda aka yi dakalin masu tafiya ƙasa, mai tebur ya kafa tebur, mai walda ya baje ƙarafa, mai faci ya jera tayu, mai shago ya ƙara rumfa. Da Juma'a sahun salla kan fito har bisa kwalta, da yamma kuma a shimfiɗa tabarmi a kafa fada, a ɗora shayi. Ga mutumin Maraɗi titi ƙofar gida ne, kasuwa ne, filin wasan yara ne, wani lokaci ma zauren karɓar gaisuwa ne. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da 260.000, wanda kuma ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, rabin rayuwarsa a waje yake yin ta.

A cikin wannan taro ne doka ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa. Mutane da yawa suna jin 50 kamar tafiyar hawainiya ce, don haka bari mu yi lissafin ƴan lakwal. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direba lafiyayye, wanda bai gaji ba, ba ya kuma riƙe da salula, yana bukatar wajen daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka birki. Mita 14 ke nan sun tafi ƙafarsa ba ta ko sauka ba. Bayan ya taka, in kwalta busasshiya ce, tayu da birki kuma lafiya lau, sai motar ta ƙara wajen mita 14 kafin ta tsaya. Jimla mita 28. Mai gudun 30 kuwa, duka-duka mita 13 ne zai ci. To, a ce yaro ya ɓullo daga bayan wata mota da ke tsaye, mita 14 a gaba. Mai gudun 30 zai tsaya, ya leƙo ta taga ya yi faɗa, yaro ya ruga gida. Mai gudun 50, wanda bai karya doka ba ko kaɗan, zai buge shi da cikakken gudunsa. Mai 70 kuwa yana bukatar mita 46, domin nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi.

Bugun kansa ma ana iya auna shi. Wanda mota ta buge tana gudun 30, kamar wanda ya faɗo daga bisa soro ne, mita 3 da rabi: zai ji jiki, ƙila ya karye, amma galibi yana tashi. A gudun 50, kamar wanda ya faɗa busasshiyar rijiya ce mai zurfin mita 10, gaba biyar da wani abu. A 70, zurfin ya kusa ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce daga gudun 50 zuwa 65 haɗarin mutuwar mai tafiya ƙasa da mota ta buga yana ninkawa sau 4 da rabi. Dalili ke nan da ya sa babban taron ministoci da aka yi a Stockholm, ƙasar Suwidin, a watan Fabrairu 2020, ya nemi a riƙa tsayawa a 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Birnin Paris ya mai da galibin titunansa 30 a watan Agusta 2021, alhali kuwa can ba amalanke, ba tumaki, kuma dakalin masu tafiya ƙasa nasu ne su kaɗai. In Paris ta ga 50 ya yi mata yawa, ban ga hujjar da za ta sa a bar shi a bakin kasuwar Maraɗi ko ƙofar makarantun firamare ba.

Me ake samu a gudun? A ce tafiyar kilomita 6 ce, daga wannan bakin gari zuwa wancan, ba tsayawa ko sau ɗaya. Mai 50 zai yi minti 7 da ƴan daƙiƙu, mai 70 ya yi minti 5. Minti 2 ne tsakaninsu, waɗanda ba su isa a gama gaisuwa da maƙwabci ba. Mu da muke iya share rabin awa muna tambayar gida da gajiya da sanyi, mu ne kuma ba mu iya jiran amalanke ya gitta.

Sai dai rashin adalci ne a ce duk mai gudu ganganci ne ke ɗibarsa. Sarkin titin Maraɗi a yau ɗan kabu-kabu ne, kuma shi agogonsa daban yake. Sana'ar ta bunƙasa ne a garuruwan bakin iyaka, inda taksi bai wadata ba, layuka kuma yashi ne, ga man Najeriya mai araha da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe, kafin ƙasar ta janye tallafin mai a 2023. Da babura ƴan Sin da ƴan Indiya suka shigo da rahusa, sai ta zama mafakar duk wanda ya rasa abin yi: ɗan ƙauye da ya zo cin rani, ɗan lakwal da aka kora, har mai takardar digiri da ke jiran aiki. Da yawansu babur ɗin ba nasu ba ne. Wani mai hali ne ya saya ya ba su, da sharaɗin a kawo masa kuɗi kaza kowace yamma. A ce mai babur ya yanka jika 2 a yini, mai ya ci jika 1 da rabi, kuɗin ɗauka kuma dala 30. Sai yaro ya sauke mutum 24 kafin dala guda ta zama tasa. Wanda ke cikin wannan hali, in ya hango fasinja ya ɗaga hannu a tsallaken titi, ya kuma hango ɗan uwansa ya nufo shi, ba lissafin mita 14 ne a kansa ba.

Na sha hawa bayansu, kuma abin da nake fara dubawa shi ne agogon gudu. Sau da yawa allurar na kwance bisa sifiri, wayarta ta tsinke tun tuni, ba a kuma ga dalilin ɓata kuɗi a gyara ta ba. Madubai an kwance su, wai suna hana kutsawa cikin cunkoso, wasu kuma sun ce ƙauyanci ne. Mutumin da ba shi da abin auna gudu, ka ce masa kada ya wuce 50, kamar ka ba makaho madubi ne. In ka taɓa kafaɗarsa ka ce, “Ƙanena, sassauta mana,” amsar ba ta wuce, “Malam, kada ka ji kome, hannuna ne.” Da gaske yake, ya iya hannu. A fili ya koya, wajen wani abokinsa, cikin kwana biyu ko uku. Abin da ba a koya masa ba shi ne wane ne ke da hanya a mararraba, da dalilin da ya sa ba a wuce babbar mota ta hannun dama lokacin da za ta karya kwana. Hular kwano kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura 40, ba mai son ta. Fasinja ma ba ya yarda ya sa wadda wani ya cire, mata na cewa tana ɓata ɗauri, wasu na tsoron a yi musu asiri da ita. Ƙoƙon kai dai bai san da waɗannan dalilai ba.

Ɗan sandan da ke tsaye a mararraba, shi kuma, usur ne a bakinsa, ba na'urar auna gudu a hannunsa ba. Abin da yake iya dubawa shi ne takardu: parmi, da katin mota, da asirans, da binyat. Duk waɗannan sai abin hawa ya tsaya ake duba su. Sakamakon haka, mai tafiya a hankali shi ne mai sauƙin tarewa, wanda ya taho a guje kuwa sai a kauce masa. Yaran sun gane wannan karatu sarai. Da sun hango kaki sai su ƙara wuta, ko su yi kwana nan take su faɗa layi, inda yara ke wasa.

Sa'an nan ga manyan motoci. Arzikin Maraɗi a bisa taya yake, tun zamanin gyaɗa har zuwa zamanin fataucin alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Iyakar Najeriya wajen kilomita 50 ce kawai ta Ɗan Isa, Katsina ba ta kai 100 ba. Wake da dabbobi da aya na gangarawa kudu, siminti da kayan masarufi na haurowa. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, tankokin mai suka ƙaru bisa hanya mai lamba 1. Tirela mai ɗauke da tan 40 ko fiye ba ta tsayawa yadda ƙaramar mota ke tsayawa, direbanta kuma daga can sama ba ya ganin abin da ke gindin tayarsa ta dama. Wanda ya manta abin da tankar mai ke iya yi a cikin gari, ya tuna daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 a Yamai, kusa da filin jirgin sama, inda wata ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci aƙalla mutum 55 nan take. Garin da ke rayuwa da manyan motoci ba ya iya korar su, amma yana iya ware musu hanya ta bayan gari da sa'o'in shiga, ya hana su gittawa lokacin da ƴan lakwal ke tashi.

Da jama'a suka ga allo ba ya tsare musu ƴaƴa, sai suka koma ga dokar da suka sani. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar nan ya san tudun nan da ake gittawa bisa kwalta, wanda masu jin Faransanci ke kira jandarma kwance. Wasu hukuma ce ta yi su, da faɗi da fenti da allon gargaɗi. Wasu kuwa mutanen unguwa ne suka tashi da dare suka yi abinsu, da siminti ko jar ƙasa ko guntun icce ko tsohuwar igiyar jirgi. Irin waɗannan, in ka tambaya, sau da yawa za a nuna maka gidan da aka yi zaman makoki kafin a gina su. Direbobi na ƙorafi, kuma suna da tasu gaskiya: tudun da ba fenti, ba allo, mai tsini kamar kunyar dankali, yana karya mota, yana kayar da mai babur cikin dare, yana wahalar da marar lafiya da ake gudu da shi asibiti. Amma ban taɓa ganin direban da ya yi gardama da shi ba. Alhaji da yaronsa, mai kaki da farar hula, kowa na taka birki. Darasin da ke ciki na injiniyoyi ne da magadan gari: abin da aka gina a jikin titi shi ne ke aiki dare da rana. A yi tudun bisa ƙa'ida, a ɗaga wurin tsallakawa a ƙofar makarantu da asibitoci, a matse bakin mararraba, a share yashi, a mayar wa masu tafiya ƙasa dakalinsu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai tsadar kilomita guda na sabuwar kwalta.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan haɗari, wanda ba mu cika son a taɓa shi ba. In an buge yaro ya rasu, kafin la'asar an yi masa sutura. Dangin direba su zo da dattawa da limami, a yi gaisuwa, uban yaro ya ce kwana ne ya ƙare, ya yafe. Wannan hali ne mai kyau, shi ne ya hana mu zama masu ramuwar gayya, kuma ba ni ne zan ce a bar shi ba. Amma yafewar uba ba ta gyara birki. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa tawakkali ba ya hana a ɗaure raƙumi, kuma shari'a da kanta ta ɗora diyya da kaffara bisa wanda ya kashe rai da kuskure, domin a san cewa kuskure ma yana da mai shi. Mutumin da ya san tayarsa ta suɗe, ya san fitilarsa guda ce, ya kuma shiga kasuwa da gudun 70, bai kamata a bar shi ya ɓuya bayan ƙaddara ba.

Wannan saurin rufe magana shi ne kuma ke sa ba a ganin girman ɓarnar. A duniya OMS na ƙiyasta mutum miliyan 1,19 ne ke mutuwa bisa hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka, wadda ba ta da fiye da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, ita ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. A ƙa'idar ƙidaya, duk wanda ya cika cikin kwana 30 bayan haɗari, hanya ce ta kashe shi. To, wa ke bin sawun wanda aka ɗauka daga bakin titi aka kai gida, ya cika bayan mako guda a ƙauyensu? Wa ke ƙirga waɗanda ba su taka asibiti ba, aka wuce da su wajen mai ɗori? A leƙa zauren kowane sanannen mai ɗori a yankin nan, a tambayi samarin da ke kwance da karan dawa ɗaure a ƙafa me ya same su. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da jandarmomi da ƴan sanda suna tattara abin da ya zo hannunsu. Wanda bai zo ba, yana cikin gidaje: magidanci da ya daina fita, yarinya da ke ɗingishi, ɗan kabu-kabu da ya warke ya tarar da bashin babur na jiransa.

Ranakun ɗaurin aure kuma titi na samari ne. Da an ce za a kai amarya, sai babura su yi jerin gwano, uku-uku bisa kowane, ana ham, ana kwanciya bisa sirdi, ana ɗaga tayar gaba. Jikokin mahaya ne, abin da kakanninsu ke yi da doki a gaban fada ranar hawan salla shi suke kwaikwayo, sai dai doki na da ido da hankalin kansa, yana ƙin taka mutum. Kafin mu yi musu faɗa, mu tuna a wajen wa suka ga cewa girma shi ne a buɗe maka hanya. Duk lokacin da ayarin wani babba ya ratsa gari da jiniya, ana kora mutane gefe kamar kaji, yara na bakin titi suna kallo suna koyo.

Dokar hanya da aka sabunta a 2014 da Faransanci take, littafin koyon tuƙi ma haka, alhali galibin masu riƙe da kan babur a Maraɗi ba su yi nisa a lakwal ba. Tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In wannan matsayi zai sauko daga takarda ya taka ƙasa, to, ga wuri na farko: a fassara dokar hanya, a karanta ta a gidajen rediyo da tashoshin mota, a yi wa ɗan kabu-kabu jarrabawa da baki cikin harshen da yake mafarki da shi, a kan kuɗin da yake iya biya. Ƙungiyoyinsu na nan, suna da shugabanni da wuraren tsayawa, sun san junansu fiye da yadda kowace hukuma ta san su.

Da magariba, lokacin da hasken rana ya tafi, na fitila kuma bai kama ba, shi ne mafi munin sa'a. A watannin hunturu ƙura na haɗuwa da hayaƙin girki ta rufe gari. Masu amalanke na komawa ƙauye ba fitila ba ƙyalli, masu keke ma haka, kowa na sauri ya samu salla. Abin da ka hango da ido guda ka ɗauka babur ne, sai ya matso ka ga mota ce mai fitila ɗaya. A mafitar gari ta gabas, inda hanya ta nufi Cadawa da Agye da Tasawa, motocin dare na jere suna shan mai, karnukan mota na ɗaure tamfol. Daga nan gidaje ke fara sirancewa, amma ba su ƙare ba, domin gari ya riga ya tsallake allonsa, sababbin unguwanni sun bi kwalta sun yi gaba. Direba na ganin ya wuce allo sai ya sa giya ta biyar, yara kuwa na dawowa daga makarantar allo a gefen hanya, ɗaya na riƙe da tocila.